Teburin da Aka Ce na Gimbiya Ne

Faris, 9 ga Oktoba, 1961

Zuwa ga Baffa Firmin,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Yaya sanyin Nozeroy, yaya kuma idanun? An ce mini yana ta rufe na hagu ɗungurungum, na daman ma sai da gilashin ƙara girma. Allah ya sawwaƙe. Ni ce Solange, 'yar ɗan baffanka Léonce, ko da shirun shekara uku ya sa ka manta. Rabonmu tun jana'izar Baba, wadda ka zo a makare ka tafi da wuri. Ni lafiya lau, shagon kayan dā da na buɗe a bakin kogi yana tafiya.

Alfarma nake nema. Wani ƙaramin teburin rubutu ya shigo hannuna daga wasu magada. Samansa kwandon furanni ne da aka yi da ɓawon katako kala-kala, ƙafafunsa sirara masu lanƙwasa, gefunansa tagulla mai ruwan zinariya. A ƙarƙashinsa akwai kambin sarauta da aka ƙona da ƙarfe, da lamba da tawada, da hatimin Orsenne, gwanin kafinta na zamanin sarakuna. Lambar ta dace da wani layi a kundin kayan fadar Versailles, teburin da aka kai ɗakin wata gimbiya, wanda ya ɓace tun gwanjon kayan fada da aka yi lokacin juyin juya halin Faransa. Malam Desroziers, masanin da kowa ke jin maganarsa yanzu, ya yi kwana biyu kwance a ƙarƙashinsa, ya ce na gaske ne. Wani gidan kayan tarihi yana so.

To, 'yan kwamitinsu tsofaffi ne, suna tuna Firmin Vauchelet da ya yi shekara arba'in yana gyara irin waɗannan kayan a unguwar Saint-Antoine. Layi biyu daga hannunka za su kwantar musu da hankali. Ga hotuna uku na sa a ciki.

'Yarka,
Solange

Nozeroy, 17 ga Oktoba, 1961

Solange,

Na sami wasiƙarki, na gode da gaisuwa. Jiki da sauƙi, sai gwiwa. Idon kuwa yadda aka gaya miki ne, shi ya sa rubutuna ya zama manya-manya kamar na allon makaranta. Dusar ƙanƙara ta fara sauka a kan tudu tun makon jiya.

Ban manta da ke ba. Ke ce yarinyar da ke zama bakin tukunyar gam tana kallona kamar na ci mata abinci. Jana'izar ubanki kuma na tafi da wuri ne don limamin cocin ya fara cewa marigayin gwanin kafinta ne, ni kuwa ba na iya zama ana ƙarya a gaban gawa. Léonce mutum ne mai haƙuri, amma hannunsa na mahauci ne. Na gaya masa yana raye, ba sai na ɓoye miki ba.

Hotunanki na kai su bakin taga, na yi yini guda a kansu da gilashi. 

Na san teburin nan. Hannun da ya yi shi, ba a yi kamarsa a Saint-Antoine ba, kafinsa ko bayansa. Ki dubi furen da ya sunkuya a hagun kwandon, ki ga yadda duhu ya shiga gefensa a hankali. Ba fenti ba ne, yashi mai zafi ne aka tsoma kowane ganye a ciki, daƙiƙa ɗaya ta ƙaru ya ƙone. Ganye ɗari uku da wani abu.

Kada ki sayar, kada ki bar kowa ya taɓa shi. Ki hau jirgin ƙasa ki zo, in gaya miki ko na wane ne ina jin muryarki. Akwai cuku da miyar kabeji, ba za ki kwana da yunwa ba. Ki kuma faɗa mini sunan magadan nan.

Baffanki,
Firmin

Nozeroy, 28 ga Nuwamba, 1961

Solange,

Ina gaishe ki, ina fatan lafiya ce ta kawo shirun nan. Mako shida ke nan. Kullum ina jin keken mai wasiƙa ya wuce ƙofata bai tsaya ba. Mura ta kwantar da ni kwana goma, na tashi. A kwancen ne na ga wautar ja miki rai da na yi, don in na mutu da maganar, ta mutu ke nan. Ga ta a fili.

Ni na yi teburin nan. Ban san Orsenne ba, bai san ni ba, ya riga kakana mutuwa.

Na fara shi shekarar da na dawo daga yaƙin duniya na farko, na gama a watan Mayu na 1922, na ba Honorine ranar aurenmu. Ƙashinsa tsohon katakon oak ne da na ciro daga wani kabad da ya ruguje, shi ya sa masaninki ya ga shekaru a jikinsa. Ɓawon da zarton hannu na yanka shi, yadda mutanen dā ke yi, don inji yana fitar da shi siriri kamar takarda. Tagullar wani tsoho ne ya yi mata ruwan zinariya da zaiba a ɓoye a bayan gidansa, aikin da ya zubar masa da haƙora duka. Ban yi shi don in yaudari kowa ba. So nake in ga ko zan kai su, kuma na kai.

Shekara goma sha takwas Honorine tana rubutu a kansa. Da Jamusawa suka doso Faris muka gudu nan, na bar wa ubanki makullan gida da na shago. Bayan yaƙi ya ce sojoji sun kwashe shi. Honorine ta rasu tana tambayarsa. Ban buga masa kambi ba, ban sa lamba ba, ban sa hatimi ba. Wani ne ya yi wannan daga baya.

Ga shaida. Ki zare durowar tsakiya gaba ɗaya. Ki sa hannu can ciki ta sama, za ki ji wani ɗan katako kamar ƙwayar wake, ki danna. Wata ƙaramar durowa za ta fito ta dama. Ki kifa ta. A gindinta na rubuta da fensir, Firmin ya yi wa Honorine, da wata da shekara.

Ki kira Desroziers ki nuna masa. Ba na neman teburin, ki riƙe abinki. Sunana kawai nake so a faɗa. Shekara arba'in ina gyara aikin matattu, kowa na yaba matattun.

Baffanki,
Firmin

Faris, 14 ga Disamba, 1961

Baffa Firmin abin ƙauna,

Gaisuwa da ban haƙuri. Na ji baƙin cikin murar nan, ka riƙa rufe ƙirjinka. Ga alewar zuma na aiko, mai maganin unguwarmu ya ce tana taimakon tsofaffi. Shirun nawa aiki ne ya yi yawa, ba wani abu ba.

Wasiƙarka ta farko ta faranta mini rai ƙwarai. Da ka ce ka san teburin, kuma ba a yi hannu kamar wanda ya yi shi ba, na ɗauka Orsenne kake nufi, wa kuma zan ɗauka? Na kai wa 'yan kwamitin, ɗayansu har ya share hawaye, ya ce in Vauchelet ya faɗi haka magana ta ƙare. An buga kalamanka a ɗan littafin da aka yi wa teburin, shafi na huɗu, da sunanka a ƙasa. Ga kwafi ɗaya. Wasiƙarka ta biyu ta zo bayan an gama bugawa.

Duk da haka na bi umarninka. Na danna ƙwayar waken, durowar ta fito, abin sha'awa, har Malam Desroziers bai san da ita ba, ya ce wannan ya ƙara tabbatar masa. Na kifa ta, Baffa. Babu rubutu. Katako ne fes.

Kada ka damu. Ina jin ka taɓa gyara teburin nan a ƙuruciyarka, shi ya sa ka san sirrinsa, sai ya haɗu a ranka da wanda ka yi wa Inna Honorine. Yana faruwa. Kakar wata ƙawata ta rantse ita ta haifi maƙwabciyarta. Ka daina zama kai kaɗai, ka riƙa fita shan kofi da mutane.

Barka da Kirsimeti tun yanzu.

'Yarka,
Solange

Nozeroy, 20 ga Disamba, 1961

Solange,

Lafiyata ƙalau, kaina ma ƙalau, tun da shi kike tambaya. Alewar na ba akuyar maƙwabta.

Na sa an karanta mini shafi na huɗu sau biyu. Kin yanke maganata daidai inda za ta yi miki amfani. Wannan yankan ya fi duk wanda ubanki ya taɓa yi kyau.

Fensir ba ya tashi da kansa bayan shekara arba'in. Kankare shi aka yi. Ni da bakina na nuna miki wurin, har da yadda ake dannawa. Kuma har yau ba ki faɗa mini sunan magadan ba, don babu su. Daga ɗakin ƙasa na gidan ubanki teburin ya fito. Shi ya sace shi, shi ya ƙona masa kambi kamar saniyar kasuwa. Ya ci abinci a gidana, ya tsaya a kan kabarin Honorine da hularsa a hannu, alhali teburinta yana ƙarƙashin ƙafarsa.

Na rubuta wa Desroziers jiya. Na ce ya zo ya same ni, ina da abin da ba a kankarewa.

Firmin Vauchelet

Faris, 19 ga Janairu, 1962

Baffa,

Ina fatan ka shiga sabuwar shekara lafiya. Na bar wasiƙarka ta yi wata guda don ka ji yadda jira yake. Tun da ka cire baffanki daga sa hannunka, bari ni ma in cire zumar.

Ni na kankare rubutun. Ba da sanfefa ba, da gilashin kwalba, bin jijiyar katako, sannan na shafa ruwan shayi da ƙurar bayan kabad. Baba ne ya koya mini. Na karanta shi kafin in goge, rubutunka yana da kyau a lokacin.

Baba ya shiga shagonka yana ɗan shekara goma sha shida, ya fita yana da furfura. A duk tsawon nan ba ka bar shi ya yanka fure ko ɗaya ba. Aikinsa kawai dama gam, goge katako, share ƙasa. Ina 'yar shekara tara ya yi wani ɗan akwati a gida, wata uku yana yi, ya kawo maka ranar Asabar gaban ma'aikata. Ka jujjuya shi ka ce, "Léonce, a nan za ka riƙa zuba ƙashin miya?" Ka miƙa mini ka ce in kai wa uwata ta hura wuta. Kowa ya yi dariya, shi ma ya yi, don yana da mu a wuyansa. Ina riƙe da akwatin muka tafi gida.

E, shi ya ɗauki teburin. Shekara goma sha biyu ya yi a kansa. Ya ƙera ƙarfen kambin da hannunsa, ya lalata guda bakwai kafin na takwas. Ya yi ta zirga-zirga ɗakin ajiye kundaye har ya sami layin teburin da ya ɓata wanda awonsa ya yi daidai da naka. Ya dafa tawada irin ta dā, ya koyi yadda magatakardan fada ke karkata lamba bakwai. Manyan masana biyar sun duba aikin mahaucin nan da gilashi, babu wanda ya ga aibi. Bai taɓa niyyar sayarwa ba. Sauka yake yi ya zauna yana kallonsa.

Desroziers ya nuna mini wasiƙarka yana murmushi, na ce masa lallai ya je. Ni na duba masa lokacin jirgi. Zai zo ranar 3 ga Fabrairu. Ka nuna masa duk abin da kake da shi.

Amma ka san abin da zai biyo baya. Ni za a kai ni kotu, na yarda. Teburin kuwa zai zama shaidar zamba. Za a manna masa takarda, a jefa shi ɗakin ajiyar kotu mai yoyo tare da kekunan sata, ɓawon ya kumbura, furannin su ɓamɓare ɗaya bayan ɗaya. Jarida za ta rubuta sunanka sau ɗaya, mai yin jabu. Idan ka yi shiru, zai zauna a zaure mai ɗumi tsakanin aikin gwanayen da ka bauta wa, mutane su cire hula a gabansa har bayan jikokin jikokinmu.

Ka zaɓa. Kai ne gwani.

Solange

Nozeroy, 8 ga Fabrairu, 1962

Solange,

Ina gaishe ki. Ina nan da rai. Kwana biyar ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa.

Ya zo. Mutum ne mai ladabi, ya karkaɗe takalminsa a ƙofa, ya kawo kwalbar ruwan inabi. Na zaunar da shi kusa da murhu.

Bari ki ji abin da nake da shi. Idan aka yanka fure daga ɓawon katako, ragowar da ta zauna tana ɗauke da ramin furen daidai, babu wani fure a duniya da zai shiga ramin sai shi. Ragowar kwandon nan duka suna wurina a wani gwangwanin biskit, tare da zanen da na yi da hannuna. Honorine ce ta hana ni zubarwa, ita ta sa shi a jakarta ranar da muka gudu. Gwangwanin yana kan cinyata duk zamanmu.

Na tambaye shi, "Me ya sa ka tabbata tsoho ne?"

Ya ce, "Baba, ba hatimi ne ya gamsar da ni ba, hatimi ana iya ƙera shi. Aikin ne. Na shekara talatin ina shafa kayan sarakuna. Wannan sana'ar ta mutu tare da su. Babu mai rai da zai iya furen da ya sunkuya ɗin nan."

Na ce, "Ko ni?"

Ya yi dariya a hankali ya dafa gwiwata. "Kai ka fi kowa sani. Kai ne ka rubuta."

Na ce masa, a cikin duk na Orsenne da ya gani, ina wannan ya tsaya? Ya ce sauran kamar almajiransa ne suka yi, wannan ne kaɗai ya yi da kansa. Na sa ya maimaita, na ce kunnena ba ya ji sosai. Kunnena lafiya lau.

Sai na tambaye shi abin da ake yi da jabu in an kama. Ya faɗi abin da kika faɗa, har ya ƙara da cewa wani lokaci alƙali kan sa a farfasa.

Ya dubi cinyata ya ce, "Wannan ne abin da ba a kankarewa?"

Na ce, "Biskit ne. Za ka ci?"

Ya ce ya ƙoshi. Na ce masa ya yafe mini wahalar tafiya, tsufa ne, na gyara teburin da jimawa sai na ɗauka nawa ne. Kalmominki na ara, sun zauna daidai a bakina. Ya riƙe hannuna biyu ya ce in kula da kaina.

Kin ci, Solange. Abin da na yi wa Léonce ranar akwatin na tuna shi, ban manta ba ko kwana ɗaya. Akwatin ba shi da laifi, kusurwoyinsa sun haɗu. Na ga haka a lokacin, shi ya sa na faɗi abin da na faɗa. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Kafin a ɗauke shi daga shagonki, ki bar ni in zo in ɗora hannu a kansa. Ba zan yi magana da kowa ba. Ki rufe ƙofa, ki tsaya a kaina in kina so, kwata ɗin awa ya ishe ni. Ki buga waya gidan waya na garinmu, za su aiko a gaya mini, in hau jirgin safe. Na riga na goge takalmina.

Baffanki,
Firmin

Faris, 2 ga Maris, 1962

Baffa Firmin,

Gaisuwa da fatan sanyi ya fara sauƙi a wajenku. Nan ruwa ake yi kullum. Lafiyata lau.

An buɗe zauren jiya. An sa teburin a kan ɗan dandamali a tsakiya, an zagaye shi da jar igiya, da mai gadi a gefe. Yanzu ma'aikata biyu ne kawai aka yarda su taɓa shi, su ma da farin safar hannu. Shugaban kwamitin ya karanta kalamanka da ƙarfi, aka tafa. Malam Desroziers yana gaishe ka, ya ba mutane labarin biskit ɗin, an ji tausayinka sosai.

Maganar kusurwoyin akwatin na karanta. Da ka faɗa wa Baba da ya ji daɗi. Ni ba ta yi mini amfanin komai ba.

Gwangwanin ka riƙe abinka, ba na tsoronsa. Wannan ce wasiƙata ta ƙarshe, kada ka wahalar da idonka da amsa.

Don kada ka ɗora wa gidan waya laifi, wasiƙarka ba ta makara ba. Ta iso ranar Litinin da safe, masu ɗaukar kaya kuma sai Alhamis suka zo. Kwana uku teburin yana ɗakin baya na shago, babu kowa sai ni. Wayar tana kusa da gwiwar hannuna. Na yi tunanin bugawa, Baffa, har na nemo lambar. Sai na sha kofina, na buɗe shago.

Solange Vauchelet